Ga Kirsimeti a Ƙofa, Ni Kuwa Na Kasa Yin Addu'a

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shekarata 29, a gidan masu bi na tashi, kuma mahaifinmu ne yake tara mu kowace safiya a yi addu'a kafin kowa ya kama gabansa. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, bayan ya yi jinya kusan shekara guda. Duk tsawon jinyar nan babu daren da ban durƙusa ba. Na yi azumi, na yi kuka, na yi wa Allah alkawura iri-iri in dai zai tashe shi. Bai tashi ba. Tun ranar da muka dawo daga jana'iza bakina ya mutu. In na durƙusa sai in rasa abin faɗa, wani lokaci ma sai in ji wani ɗaci yana taso mini, in tashi in bar wurin. Ina zuwa majami'a don kada hankalin mahaifiyata ya tashi, ina kuma cikin mawaƙa. Yanzu an fara koyon waƙoƙin Kirsimeti, ina buɗe baki ina rera salama da farin ciki, zuciyata kuwa kamar dutse. Gani nake na zama munafuka. Mama, in janye ne daga bikin bana har sai zuciyata ta dawo? Kuma Allah yana sauraron wadda take jin haushinsa?

Amsa

'Yata, kafin komai ina yi miki gaisuwar rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ke, da mahaifiyarki, da 'yan'uwanki. Wata bakwai kamar jiya ne a wurin wadda ta rasa uba, ballantana uban da muryarsa ce take buɗe muku rana. Kin yi rashi biyu a lokaci guda: mahaifi ya tafi, ya kuma tafi da muryar da kika saba bi zuwa gaban Allah tun kina ƙarama. Shi ya sa ban yi mamaki ba da kika ce kina durƙusawa ki rasa abin faɗa.

Maganar munafunci kuwa, ki ajiye ta. A Matiyu 6:5 Yesu ya siffanta munafukai a wajen addu'a, ya ce su ne masu son tsayawa a inda jama'a za su gan su. Yabon mutane suke nema, kuma hankalinsu kwance yake. Ke kina zuwa ne don tausayin uwa, kina dawowa zuciya tana cin ki, har kin ɗauki alƙalami kin fallasa kanki. Wannan halin mai rauni ne a jiki, ba na mai fuska biyu ba.

Bari in kai ki farkon labarin Kirsimeti, inda mutane ba su cika farawa ba. Luka bai fara da jariri a komin dabbobi ba. Da wani tsohon firist ya fara, Zakariya, wanda shi da matarsa Alisabatu suka tsufa ba su ga ƙwansu a duniya ba. Ranar nan ƙuri'a ta faɗa a kansa ya shiga Haikali ya ƙona turare, aikin da ake yi safe da yamma kowace rana, jama'a kuma suna waje suna addu'a. Aiki ne na yau da kullum, ba wani taron farkawa ba. A nan mala'ika Jibra'ilu ya same shi ya ce masa an ji addu'arsa, matarsa za ta haifa masa ɗa. Ki duba yadda tsohon ya amsa. Bai yi tsalle ba, cewa ya yi ta yaya zai tabbatar, tunda shi da matarsa sun tsufa. Mutum ne da ya yi shekaru yana roƙon abu ɗaya har ya cire rai, amma bai daina zuwa bakin aikinsa ba. Daga nan bakinsa ya rufu, bai ƙara furta kalma ba har sai da aka haifi Yahaya Mai Baftisma, aka zo raɗa masa suna a rana ta takwas. Nasa shirun, mala'ikan ya faɗi dalilinsa, naki kuwa na baƙin ciki ne, ba na haɗa su ba. Abin da nake so ki gani shi ne, duk watannin da mutumin nan ya yi ba ya iya magana, cikin Alisabatu yana girma, Jibra'ilu ya je Nazarat wurin Maryamu, alkawari yana ta tafiya. Aikin Allah bai tsaya jiran bakin Zakariya ya buɗe ba.

Wannan shi ne zuciyar Kirsimeti, kuma shi ne amsar tambayarki ta farko. Kina so ki jira zuciyarki ta gyaru sannan ki zo wurin bikin, alhali bikin kansa labari ne na Allah da ya zo wurin da ba a shirya masa ba. Umarnin ƙidaya na Kaisar Augustas ne ya tilasta wa Yusufu da Maryamu tafiyar fiye da kilomita 100 daga Nazarat zuwa Baitalami, ga ciki tsoho. Suka iso ba su sami wuri a masauki ba. Waɗanda aka fara kai wa albishir makiyaya ne da suke kwana a fili suna gadin garke, da ƙurar aikinsu a jiki. Bayan kwana 40 da aka kai jaririn Haikali, 'yan tsuntsaye biyu iyayen suka miƙa, hadayar da Littafin Firistoci 12:8 ya ware wa macen da ba ta da halin tunkiya. Duk inda kika duba a labarin nan ba za ki ga gidan da aka share aka yi wa ado ba. Manzo Yahaya ya taƙaita shi cikin jimla ɗaya a Bishararsa 1:14, cewa Kalman ya zama mutum, ya zauna a cikinmu. Matiyu kuma ya ɗauko sunan da annabi Ishaya ya faɗa, Immanuwel, wato Allah tare da mu. Tare da mu a yadda ya same mu.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika rerawa ba. A sura ta 2 ta Matiyu, haihuwar nan ce ta sa Hirudus ya aika aka karkashe 'yan yara maza na Baitalami daga shekara biyu zuwa ƙasa, har Matiyu ya tuna da kukan Rahila, matar Yakubu, da ta ƙi ta'azantuwa saboda 'ya'yanta. Tsoho Saminu, da ya rungumi jaririn a Haikali, ya gaya wa Maryamu cewa takobi zai soki zuciyarta. Ikkilisiyoyin da suke bin kalandar ibada ta dā, irin su Katolika da Anglika, suna tunawa da Istifanas, shahidi na farko, ranar 26 ga Disamba, washegarin bikin ke nan, sannan ranar 28 su tuna da yaran Baitalami. Magabatanmu cikin bangaskiya sun san masu makoki suna da kujera a wannan biki. Mu ne muka mai da shi sai mai dariya.

Ranar kanta ma ba doka ba ce. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar haihuwar Yesu ba. Shaida mafi daɗewa ta yin bikin ranar 25 ga Disamba daga birnin Roma ta fito, a shekara ta 336, har yau kuma Kiristocin Habasha da Kibdawan Masar ranar 7 ga Janairu suke yin nasu. Na kawo wannan ne don ki sauke wa kanki nauyi. Babu wanda zai tuhume ki a gaban Allah don ba ki yi annashuwa a wata rana ta Disamba ba. Abin da ranar take nunawa shi ne ba na so ya wuce ki, a bana musamman.

Sai tambayarki ta biyu, wadda ita ce mai nauyin. Na tabbata akwai waɗanda suka riga suka ce miki ki yi shiru, ba a tambayar Allah. Wataƙila har wani ya gutsura miki cewa da bangaskiyarki ta kai, da mahaifinki ya tashi. Wannan magana ƙarya ce, kuma zalunci ce. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙayar da take jikinsa, ba a cire ba. Yesu da kansa ya yi addu'a sau uku a lambun Gatsemani, daren da aka kama shi, a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya kuma sha shi. Wa zai ce waɗannan bangaskiya ce ta gaza musu?

Ki buɗe Yahaya sura 11 ki karanta a hankali. Marta da 'yar'uwarta Maryamu (ba mahaifiyar Yesu ba) sun aika wa Yesu cewa ɗan'uwansu Li'azaru ba shi da lafiya. Ya jinkirta. Da ya iso gawa ta kwana huɗu a kabari. Kalmar farko da Marta ta tare shi da ita: Ubangiji, da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. 'Yar'uwarta ta zo ta faɗi a gabansa ta maimaita maganar. Wannan fa ƙorafi ne, a fuskarsa aka yi shi. Bai kwaɓe su ba. Ya tambayi inda aka sa shi, ya yi hawaye. Jaririn da za ku rera wa waƙa shi ne ya girma ya tsaya bakin kabarin abokinsa yana kuka. Akwai ma abin da yakan taɓa ni duk lokacin da na tuna: bayan labarin Yesu yana ɗan shekara 12 a Haikali, ba a sake ganin Yusufu a cikin labarin ba, kuma a kan gicciye wani almajiri Yesu ya danƙa wa mahaifiyarsa. Shi ya sa masu nazari da yawa suke ganin Yusufu ya riga ya rasu. In haka ne, wanda kike jin haushinsa ya san yadda gida yake komawa bayan an binne uba.

To, ɗacin nan da yake taso miki in kin durƙusa, kada ki tashi ki gudu da shi. Shi ne addu'arki a yanzu. Faɗa masa. Ce masa na roƙe ka shekara guda ba ka ba ni ba, kuma raina ya ɓaci. Cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi. Ta 13 tana farawa da tambayar har yaushe Ubangiji zai manta da mai roƙo. Ta 22 ita Yesu ya ɗauko a kan gicciye, yana tambayar dalilin da Allah ya yashe shi. Ta 88 ta fi duka nauyi, don ita ba ta ma juyo zuwa yabo a ƙarshe ba, a kan duhu ta tsaya. Allah ya bar irin waɗannan kalmomi a cikin Littafinsa domin ranar da bakinmu ya mutu mu ara.

Ni ma na taɓa shiga wannan daji, shekarar da na binne maigidana. Wata da watanni ba abin da nake iyawa sai in zauna bakin gado in karanta Zabura ɗaya da Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa, kamar mai karanta takardar wani. Ban ji komai ba. Ban kuma san ranar da abin ya juya ba, sai dai wata safiya na tsinci kaina ina nufin abin da nake faɗa. Daga nan na gane kuskuren da na daɗe ina yi, na ɗauka addu'a ita ce abin da nake ji a zuciya lokacin da nake yin ta. Ji yana zuwa yana tafiya. Da shi za a jira, da babu wanda zai yi addu'a kwana bakwai a jere.

Mutanen Littafi ba su dogara da ji ba, lokaci suka kafa. Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa, kuma ranar da aka kafa dokar hana addu'a, nassi ya ce ya yi kamar yadda ya saba. Sabon ne ya riƙe shi. Mai Zabura ta 55 ya ce maraice da safe da tsakar rana yake kai kukansa. Bitrus da Yahaya suna hanyar zuwa addu'ar ƙarfe uku na yamma ne suka gamu da gurgu a ƙofar Haikali. Yesu kansa, in ji Markus 1:35, da asuba tun da sauran duhu ya fita ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. Da almajirai suka ce ya koya musu, gajeruwar addu'a ya ba su, wadda ba ta kai minti ɗaya ba, a tsakiyarta kuma abincin yau kawai ake roƙo. Kamar manna ne, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji: na rana ɗaya ake tarawa, wanda ya ɓoye don gobe sai ya tarar ta yi tsutsa. Ba a ce ki nemo ƙarfin da za ki yi shekara da shi babu uba ba. Na yau za ki roƙa.

Ga abin da zan ce ki yi, kuma na ƙanƙanta shi da gangan. Ki zaɓi lokaci biyu, da safe kafin ki taɓa waya, da dare kafin ki kwanta. Minti biyar ya isa. In durƙuso yana tuna miki da darerukan jinya har ƙirjinki ya yi nauyi, ki zauna, ba gwiwa ake dubawa ba. Ki karanta Zabura ɗaya da murya, ko da raɗa ne, sannan Addu'ar Ubangiji, sannan jimla ɗaya taki ta gaskiya, ko da ita ce ba ni da abin faɗa maka yau. Daga nan ki yi shiru kaɗan ki tashi. Kada ki auna ko ta yi daɗi. Ranar da kika tsallake, kada ki ce za ki rama da awa guda, ki dawo kawai washegari. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki. Wannan aya taki ce a wannan lokaci. Yau da gobe ita ke sa allura ta haƙa rijiya.

Wani abu kuma da zai haɗa miki tambayoyin nan biyu wuri guda. A surori biyu na farkon Luka akwai waƙoƙi uku: ta Maryamu, ta Zakariya, da ta Saminu. Ɗaruruwan shekaru ke nan ikkilisiya ta ɗauke su ta sa cikin addu'ar kowace rana, ta Zakariya da safe, ta Maryamu da yamma, ta Saminu da dare kafin barci. Har gobe akwai masu bi a faɗin duniya da suke yin haka daga Janairu zuwa Disamba. Wato Kirsimeti bai taɓa zama abin kwana ɗaya ba a wurinsu, da shi suke tashi, da shi suke kwana. Makiyayan ma Luka ya ce komawa suka yi, wurin garkensu da sanyin dare, suna yabon Allah. Yesu kuma ya yi kusan shekara 30 a Nazarat yana rayuwar da ba a rubuta komai a kanta ba sai kaɗan, har aka san shi da masassaƙi. Mafi yawan zaman Allah a cikinmu ya faru ne a ranakun da ba biki. A cikin irinsu kike so ki sake samunsa. Cikin makonnin nan ki riƙa karanta waƙar Zakariya da safe, Luka 1:68-79. Kalmomin farko ne na mutumin da ya yi wata tara bakinsa a rufe, kuma sun ƙare da maganar hasken asuba da zai keto daga sama ya haskaka waɗanda suke zaune cikin duhu da inuwar mutuwa.

Game da waƙa, shawarata ki zauna a cikin mawaƙa in jikinki zai ɗauka. Abin da kuke rerawa gaskiya ne ko kin ji shi ko ba ki ji ba, kuma akwai ranar da 'yan'uwa ne suke riƙe wa mutum bangaskiyarsa, kamar mutum huɗun nan da suka ɗauko shanyayye suka zura shi ta rufin ɗaki zuwa gaban Yesu. Amma ki je wurin shugaban mawaƙanku ki gaya masa halin da kike ciki, ya ɗauke miki rera baiti ke kaɗai ko tsayawa a gaba. In hawaye ya zo a tsakiyar waƙa, ki bar shi ya zubo. In kuma kika ga abin ya fi ƙarfinki, ki sauko ki zauna cikin jama'a ki saurara, babu laifi. Janyewa gaba ɗaya ki kulle kanki a ɗaki ne ba na so.

Mahaifiyarki kuwa, kin ce kina ɓoye mata don kada ta damu. Labarin zuciya a tambayi fuska, ina kyautata zaton ta riga ta gani, wataƙila ma ita ma tana ɓoye miki nata. Ki gaya mata. Ki kuma nemi mace ɗaya dattijuwa cikin ikkilisiya, ko fastonku, wanda kika san yana iya sauraro ba tare da ya yanke miki magana da wa'azi ba. Sannan ki lura da jikinki. In barci ya ƙaurace miki makonni, ko ba kya iya cin abinci, ko aiki ya gagare ki, ko kika fara jin gara ki bi mahaifinki, to ki ga likita ba tare da ɓata lokaci ba, ki kuma faɗa wa wani na kusa a ranar. Neman magani ba ya rage bangaskiya.

Ba ki faɗa mini abin da ya faru da addu'ar safen gidanku ba, amma ina jin ta tsaya tun da ya kwanta jinya. In haka ne, ki yi shawara da mahaifiyarki ku taru da safiyar Kirsimeti a lokacin da ya saba tara ku. Kada kowa ya yi ƙoƙarin kwaikwayon yadda yake yi. Ku ambaci sunansa, ku gode wa Allah saboda shekarun da ya yi yana tashin ku, wani ya karanta Luka 2:1-20, ku yi Addu'ar Ubangiji tare. In muryarki ta ƙi fita, ki miƙa wa na kusa da ke Littafin ya ƙarasa. Ni ma zan riƙa sa ki cikin addu'ata ta safe, kuma ina so ki sake rubuto mini bayan sabuwar shekara in ji yadda kuka yi.